Gwajin kaluluwar hammata ana tsakiyar tiyatar sankarar mama: me yake gani, me yake ɓacewa?

Tambaya: Likita, yayata tana aure a Ingila. An gano mata sankarar mama, ƙululun bai yi girma ba, an sa ranar aiki. A takardar da suka ba ta an ce za a ciro kaluluwa ɗaya ko biyu daga hammatarta, a yi musu wani gwaji mai suna OSNA tana kan gadon tiyata, sakamako ya fito kafin ta farka. Anya gwajin minti arba'in abin dogaro ne? Sannan gwaggonmu da aka yi wa aiki a nan gida bara, hammatarta ta riga ta yi kaluluwa mai tauri kafin ta je asibiti, aka kwashe mata hammatar gaba ɗaya ba tare da wannan gwajin ba. Yanzu hannunta yana kumbura. An cuce ta ne?

Amsa: Malama, Allah ya ba yayarki da gwaggonki lafiya, ya sa kaffara ne. Aikina shi ne duba naman da aka ciro daga jikin mutum a ɗakin gwaji, don haka kaluluwar hammata ba baƙuwata ba ce. Gwajin da kika ambata abin dogaro ne a kan abin da aka ƙera shi ya auna. Sai dai akwai wata tambaya da ta fi ingancinsa nauyi, wadda nake so yayarki ta yi wa likitan tiyatarta tun kafin ranar aiki. Ba za ki ga nauyinta ba sai na bi da ke ta hanyar da ta kai mu gare ta.

Kowa ya san kaluluwa: mutum ya ji ciwo a ƙafa, kwana biyu ya ji wani abu ya taso masa a gindin cinya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba ciwon ne ya haife ta ba. Tana nan tun asali, ƙarama kamar ƙwayar wake, aikinta tace wani farin ruwa da ke gangarowa daga tsokar jiki kafin ya koma cikin jini. A hammata ɗaya akan sami tsakanin 20 zuwa 40, kuma mafi yawan ruwan da ke fitowa daga mama ta nan yake bi. Shi ya sa idan sankara ta fara neman hanyar fita, hammata ce zangonta na farko.

Tun daga aikin da likitan tiyata William Halsted ya bayyana a Amurka a 1894, aka shafe kusan shekara ɗari ana kwashe hammatar kusan duk macen da aka yi wa aikin sankarar mama, ko akwai cuta a ciki ko babu. Kusan mace ɗaya cikin biyar da aka yi wa haka hannunta yakan kumbura daga baya, domin an toshe wa ruwan nan hanyarsa. A 1993 da 1994 ne likitoci biyu a Amurka, David Krag da Armando Giuliano, suka nuna cewa ruwan mama ba ya fantsama cikin hammata barkatai. Akwai kaluluwa ɗaya ko biyu da yake fara isa, kamar yadda baƙo ba ya shiga cikin gida sai ya bi ta zaure. Idan an yi allurar shuɗin rini a mama, ko wani sinadari mai ɗan haske da na'ura ke ji, zai bi hanyar ruwan ya je ya rina wannan kaluluwar ta zaure. Sai a ciro ta ita kaɗai a duba. In zaure babu kowa, da wuya a sami baƙo a cikin gida, sai a bar sauran hammatar. Da wannan dabarar kumburin hannu ya sauko zuwa wajen mace 5 ko 6 cikin 100. Ki gaya wa yayarki, in da rini aka yi, kada ta tsorata idan fitsarinta ya koma kore ko shuɗi na kwana ɗaya ko biyu.

To, an ciro kaluluwar. Yaya ake dubawa? Hanyarmu ta asali ita ce a jiƙa ta a ruwan fomalin, a yayyanka ta kaurin milimita 2, a daskarar da yankakkun cikin kaki irin na kyandir, sannan a fere wani ɓawo siriri ƙwarai daga kowane, a rina shi, a sa a madubin likita. Wannan yakan ɗauki kwanaki. Idan aka ga cuta kuma ana bukatar ƙarin aiki, sai an sake dawo da mace ɗakin tiyata, a sake sa ta barci, a sake buɗe wurin da ya fara haɗewa. Akwai hanyar gaggawa, a daskarar da naman da sanyi a fere nan take, amma ƙanƙara tana ɓata surar ƙwayoyin, kuma ƙananan ɗigon cuta sukan kuɓuce mata.

Ga wani lissafi da na fi so mutane su sani. Ɓawon da muke ferewa kaurinsa kamar kashi 4 ne cikin dubu na milimita. Ke nan yanka ɗaya mai kaurin milimita 2 zai ba da ɓawo kusan 500, mu kuwa ɗaya ko 'yan kaɗan muke dubawa. Kamar mai sayen gero ne da ya zura hannu a buhu ya ɗebo tafi ɗaya. Idan tsakuwa ta yi yawa zai gani, idan ƙwaya uku ce a ƙasan buhu ba lallai ba. An tsara yankan milimita 2 ne da gangan don kada duk abin da ya wuce wannan girman ya tsere mana, domin a ma'aunin da duniya ke bi an kasa cutar da ke cikin kaluluwa gida uku. Abin da ya wuce milimita 2 shi ne babban yaɗuwa. Daga 0.2 zuwa milimita 2, abin da bai kai ƙwayar gero ba, ƙaramin yaɗuwa ne. Ƙasa da haka 'yan ƙwayoyi ne tsiraru, kuma ana lissafa kaluluwar a matsayin wadda ba ta kamu ba.

OSNA ta zo ne ta ce a daina ɗibar tafi ɗaya, a niƙe buhun duka. Kamfanin Sysmex da ke birnin Kobe a Japan ne ya ƙera ta, an wallafa babban bincikenta na farko a 2007, kuma a 2013 hukumar NICE, mai tantance magunguna da kayan asibiti a Ingila, ta amince a yi amfani da ita a lokacin tiyata. Asibitoci da dama a Japan, Sifaniya, Italiya da Ingila suna da ita.

Dabararta ta ginu ne a kan abu ɗaya. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin bututun nono, waɗanda daga cikinsu sankarar mama ke tasowa, suna ƙera wani furotin da ake kira CK19. Kaluluwa mai lafiya ba ta da irin waɗannan ƙwayoyin. Kafin ƙwaya ta ƙera furotin, sai ta kwafo umarninsa daga DNA a wani gajeren saƙo da ake ce wa mRNA. Idan aka tarar da saƙon CK19 da yawa a cikin kaluluwa, to baƙo ya shigo. Na'urar ba ta ganin sankara da ido. Wasiƙun da ta rubuta take ƙirgawa.

Ga yadda abin yake a kan tebur. Kaluluwar takan iso daga ɗakin tiyata ɗanya, a kan ƙanƙara, ba a sa mata fomalin ba, wani lokaci da shuɗin rinin a jikinta. Ma'aikaci zai sa safar hannu sabuwa, ya ɗauki wuƙa sabuwa, ya feffere kitsen da ke kewaye da ita, ya ɗora ta a sikeli. Idan ta wuce miligiram 600 sai a raba ta. A jefa ta cikin ɗan bututu mai ruwan narkarwa, a markaɗe ta har ta zama ruwa, a juya a injin wulwulawa, a ɗebi kaɗan a sa wa na'ura. A ciki ana riƙe zafi a digiri 65, wasu sinadarai suna ta kwafar saƙon CK19 suna ninka shi. Yayin da ake kwafar, wani farin gishiri yana fita, ruwan da yake garau sai ya fara yin fari kamar ruwan gasara. Na'urar tana lura da mintin da farin ya taso. In saƙon yana da yawa tun farko, da wuri ruwan zai gurɓace. Wannan matakin minti 16 ne. Idan aka haɗa da yanka da markaɗe da kai da kawo, shi ne minti 30 zuwa 40 da aka rubuta wa yayarki. Duk wannan lokacin likitan tiyata ba ya zaune, yana can yana aikin maman.

Sakamakon lamba ce. Ƙasa da kwafi 250 a kowace mikrolita, wato kashi ɗaya cikin dubu na mililita, babu cuta. Daga 250 zuwa 5,000, alamar tarawa ɗaya, ana ɗaukarsa daidai da ƙaramin yaɗuwa. Sama da 5,000, alamar tarawa biyu, babban yaɗuwa. A binciken da aka gwama shi da madubin likita, sun dace da juna a fiye da kashi 90 cikin 100. Wani ɓangare na saɓanin ma ba kuskuren kowa ba ne: don a gwama su dole a raba kaluluwa, wannan yanka na na'ura, wancan na madubi, ɗigon cuta kuwa yana iya faɗawa ɓangare guda kawai. Saboda haka kada saurinsa ya sa ki shakka. Ba gaggawa aka yi aka tsallake wani mataki ba, hanyar ce daban.

Amma abin da aka markaɗe ya markaɗu, kuma a nan ne ni mai duba madubi nake jin asarar. Idan kika kai tumatir da attaruhu injin markaɗe, za ki iya sanin yajin miyar, ba za ki ƙara sanin wane tumatir ne ya ruɓe ba. Ba za a san ko cutar ta fasa fatar kaluluwar ta fita cikin kitse ba, alhali wannan yana da tasiri wajen yanke shawarar gashin na'ura, wato ƙone ragowar cuta da haske mai ƙarfi. Ba za a iya komawa a sake dubawa ba idan wani likita ya nemi gani da idonsa. Idan wata cuta ce daban a ciki, tarin fuka ko sankarar kaluluwa ita kanta, na'urar za ta ce babu komai, domin CK19 kaɗai ta sani. Akwai kuma 'yan tsirarun sankarar mama da ba sa ƙera CK19 sosai, shi ya sa wasu asibitoci suke fara rina naman da aka ɗiba da allura tun farko su tabbatar yana da shi. Ta ɗaya gefen, idan guntun naman mama ya manne a wuƙa ya shiga bututun, lamba za ta tashi alhali kaluluwar lafiyarta ƙalau. Dalilin sabuwar wuƙa ke nan. Wasu ɗakunan gwaji sukan cire yanka ɗaya na tsakiya su ajiye wa madubi, su markaɗe saura. Ina ganin hikimar hakan, ko da yake duk abin da aka ajiye ya fita daga ƙidayar na'ura.

Yanzu ga tambayar da na yi miki alkawari. An ƙera wannan na'ura a zamanin da dokar ta kasance: in an ga cuta a kaluluwar zaure, a kwashe hammata. Amfanin sauri shi ne a gama komai a barci ɗaya. Tana shiga asibitoci, sai dokar kanta ta fara sauyawa.

A 2011 Giuliano ɗin nan da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon wani bincike da ake kira Z0011. Mata 891 ne, ƙululunsu bai wuce santimita 5 ba, an cire ƙululun an bar maman, an tsara musu gashin na'ura da magani, kuma an ga cuta a kaluluwar zaure ɗaya ko biyu. Rabi aka kwashe musu hammata, rabi aka bar ta. A cikin waɗanda aka kwashe wa, kashi 27 cikin 100 an tarar da ƙarin kaluluwa mai cuta, wanda ke nuna ɗaya rukunin ma an bar wa wasu cuta a ciki. Duk da haka bayan shekara goma, kashi 86.3 na waɗanda aka bar wa hammata suna raye, a ɗaya rukunin kashi 83.6, bambancin da bai isa a ce ɗaya ya fi ɗaya ba. Gashi da magungunan da ke zagaya jiki sun ishi ragowar. A 2013 wani bincike na ƙasa da ƙasa ya nuna ƙaramin yaɗuwa ba ya bukatar kwashe hammata. A 2014 binciken AMAROS a Turai ya nuna gasa hammata yana tare cutar kamar kwashe ta, kumburin hannu kuwa bayan shekara biyar kashi 11 ne a masu gashi, 23 a masu tiyata. A 2024 binciken SENOMAC, wanda aka jagoranta daga Suwidin kuma ya haɗa har da matan da aka cire wa mama gaba ɗaya, ya ƙarfafa wannan ga masu babban yaɗuwa a kaluluwa ɗaya ko biyu, mafi yawansu kuma an gasa musu wurin.

Akwai ɗaya da ya fi taɓa irin aikina. A wani babban bincike na Amurka da Kanada mai suna B-32, an koma kan kaluluwar da aka riga aka ce ba ta da cuta, aka ƙara ferewa can ciki, aka ƙara rini na musamman. Aka tono ɓoyayyiyar cuta a kusan kashi 16 cikin 100 na matan. Bayan shekara biyar, kashi 94.6 na waɗanda aka tono wa cutar suna raye, sauran kuma 95.8. Wato ƙara kaifin ido yana tono abu, amma abin da yake tonowa tasirinsa kaɗan ne. Hatsarin shi ne a ɗauki wannan kaɗan ɗin a yi wa mace babban aiki a kansa, ta kwana da hannu mai nauyi sauran rayuwarta. A Amurka an amince da wani gwaji makamancin wannan mai suna GeneSearch a 2007, bayan 'yan shekaru aka janye shi daga kasuwa. A Ingila kuwa, ƙa'idar NICE ta 2018 ta ce kada a ƙara yi wa hammata komai idan ƙaramin yaɗuwa kaɗai aka gani.

Saboda haka yayarki ta tambayi likitanta kai tsaye: idan ya fito da alama ɗaya, me za ku yi? Idan ya fito da biyu fa, za ku kwashe hammatar nan take, ko za ku tashe ni mu tattauna zaɓin gashi? A kaluluwa nawa kuke tsayar da shawara? Tana barci za a yanke hukuncin, ba ta da bakin magana a lokacin, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ta karanta takardar yarda da kyau kafin ta sa hannu, domin sau da yawa a nan ake rubuta izinin ci gaba da kwashe hammata. Ra'ayina shi ne gwajin yana da amfani sosai inda amsarsa za ta sauya aikin da ake yi a ranar, misali macen da za a cire wa mama gaba ɗaya a gina mata wani nan take, inda komawa hammata daga baya yake da wahala. Inda kuwa ko me ya nuna ba za a kwashe ba, saurin bai ƙara mata komai ba. Idan kuma an ba ta kemo, wato maganin kashe sankara mai zagaya jiki, kafin aiki, ta sake tambaya ko hanyar ta dace da ita, domin a wannan halin ko ɗan ragowa yana da ma'ana, kuma madubi yana nuna tabon inda cuta ta zauna magani ya cinye ta, abin da markaɗe ke shafewa.

Kada ta rikita shi da wani gwaji da za ta iya ji ana ambata daga baya, Oncotype DX. Wancan a kan ƙululun maman ake yin sa, yana duba aikin ƙwayoyin gado 21 don a san ko kemo zai amfane ta. Tambayarsu daban, lokacinsu daban.

Sai gwaggo. Daga abin da kika bayyana, rashin na'urar bai rage ta da komai ba. Dabarar kaluluwar zaure, da duk gwajin da ke biye da ita, an yi ta ne don hammatar da hannu bai ji komai ba, hoto ma bai nuna komai ba. Idan kaluluwa ta riga ta taso ta yi tauri kuma ta tabbata cuta ce, ba a neman ɗigo da na'ura, abin ya fito fili. Kwashe hammata a wannan matsayin shi ne aikin da ake yi ko a Landan ne, sai fa idan an fara ba da kemo ya narkar da ita, a nan wasu sukan sami sauƙin aiki. Abin da ke ci mini rai shi ne yawancin matanmu a wannan matsayin suke isowa asibiti, bayan watanni ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, lokacin da zaɓin ƙaramin aiki ya riga ya wuce. Shuɗin rinin nan ba shi da tsada, ana iya yin aikin zaure da shi kaɗai a hannun ƙwararre. Macen da za ta zo da wuri ita ce ta yi ƙaranci. Kuma a ƙasar da tarin fuka yake kama kaluluwa, ni ba zan so a markaɗe ta duka ba tare da ido ya gan ta ba.

Gwajin da nake so ku bincika wa gwaggo wani ne. Ku nemo takardar sakamakon namanta. Ku duba kaluluwa nawa aka ciro, nawa ne suka kamu, domin wannan ne ke nuna ko tana bukatar gashi. Sannan ku duba ko an rubuta ER, PR da HER2. Na farko da na biyu suna nuna ko sankarar tana cin abinci daga sinadarin jikin mace. In haka ne, ƙwayar magani irin tamoksifen da ake sha kullum shekara biyar zuwa goma tana rage dawowar cutar ƙwarai, kuma kuɗinta da sauƙi. Na ukun yana nuna ko allurar tarastuzumab za ta yi mata aiki. Idan ba a yi su ba, lokaci bai ƙure ba: ɗan dunƙulen kakin da aka daskarar da namanta a ciki yana nan a ɗakin gwajin da ya duba shi, ana iya karɓa a kai inda ake yin rinin, ko bayan shekara.

Hannun kuwa kada a zuba masa ido. Kumburin nan yana jin magani tun yana da taushi, in ya daɗe ya yi tauri sai ya gagara. Likitanta ya fara dubawa ya tabbatar ba gudan jini ba ne ko dawowar cuta, sannan a tura ta wurin masu motsa gaɓoɓi su koya mata tausa ta musamman da motsa hannu, a auna mata safar hannu mai matsewa daidai girmanta. Ta riƙa shafa mai kada fatar ta tsage, ta kiyaye ƙuna da yankan wuƙa wajen girki, kada a yi mata tsaga ko ƙaho a wannan hannun. Ranar da ya yi ja, ya ɗau zafi, ko zazzaɓi ya rufe ta, a kai ta asibiti a ranar, ƙwayar cuta ce ta shiga kuma tana bukatar magani da gaggawa.